Allurar 'yan Sin a Sakkwato: zama goma na yi saboda ciwon ƙugu

Shekara 26 ke nan ina kan keken ɗinki a Tsohuwar Kasuwa, kuma ƙuguna ya biya kuɗin wannan zaman. Abin ya faro kamar gajiya, daga baya ya zama sai na dafa bango kafin in miƙe daga kan kujera. A hunturun bara ruku'u ya gagare ni, na koma ɗauko kujerar roba ina ajiyewa a ƙarshen sahu. Duk wanda ya saba sa goshinsa ƙasa ya san nauyin wannan a zuciya.

Babu abin da ban gwada ba. Wanzami ya yi mini ƙaho sau uku, na kan ji sauƙi kwana biyu ko uku. Na shafa man zafi, na yi gashi da ruwan ɗumi. Abin da na fi daɗewa a kai shi ne Diclofenac na kemis, safe da dare, har cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. A asibiti aka ce gyambon ciki ne, kuma irin waɗannan ƙwayoyin idan an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Aka ce in daina. Aka ɗauki hoton bayana, aka ce babu karaya, babu wani mugun abu, ƙashin ne ya fara zaizayewa da shekaru da yawan zama.

Wani abokin cinikina, direban hanyar Illela, shi ya ba ni labarin wani likitan gashin ƙashi da ya buɗe ɗan wuri wajen Mabera, yana yin akufanca, wadda mutane ke kira allurar 'yan Sin. Ɗiyata da ke karatun jinya ba ta so ba. Ta ce: "Baba, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida ta ce tun 2016 kada a riƙa yi wa mai ciwon ƙugu wannan allurar." Amma ita da kanta ta ƙara da cewa ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwaya. Tunda masanan ma ba su haɗu kan magana ɗaya ba, ni kuma an raba ni da ƙwayar, sai na ce zan je in gani da idona.

Wurin ɗaki biyu ne da baranda, gadon gwaji uku, labule a tsakani. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai taɓa allura ba sai da ya yi kusan rabin awa yana tambaya. "Baba, mi ka damunka, kuma tun yaushe?" Ya duba hoton bayana. Ya tambaya ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini, ko ina zazzaɓi da rama, ko ina shan maganin tsinka jini. Ya ce da na amsa e a ɗaya daga cikin tambayoyi ukun farko, asibiti zai mayar da ni a ranar, don akwai ciwon bayan da tarin fuka ne ya shiga ƙashi, akwai wanda jijiya ce ta danne, kuma waɗannan ba aikin allura ba ne.

Ni tela ne, allura ba baƙuwata ba ce, shi ya sa na ce ya ba ni ɗaya in riƙe. Allurar keke lamba 14 da nake ɗinka shadda da ita kaurinta ya kusa milimita ɗaya. Wannan kuwa kwata ɗin milimita ce, tana lanƙwasa kamar gashin wutsiyar doki. Ba ta da rami a ciki, ba ta ɗauke da magani ko ɗigo. Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi mini a kasuwa, wane ruwa ake ɗurawa? Babu. Ba kuma jini ake fitarwa ba kamar ƙaho ko tsaga. Kowace allura cikin ledarta take, a gabana ya yage, da aka gama ya zuba su cikin kwalin da ake zubar da allurai. Wanda zai je ko'ina ne, ya tsaya a kan wannan. Ciwon hanta yana bin ƙarfen da ya shiga jikin wani, kuma mun rasa mutane da shi a garin nan.

Na kwanta rub da ciki, ya goge wurin da sifirit, ya kafa guda 12. Shigarta kamar cizon sauro ne, wasu ma ban ji ba. Abin da ake ji shi ne idan ya ɗan murza ta: wani nauyi mai tsami ya bazu a cikin naman, ba zafi ba ne, ba kuma daɗi ba. Biyu ya kafa a bayan gwiwa, na ce Likita, ai ba nan ke ciwo ba. Ya ce a lissafin mutanen Sin akwai hanyoyi da ƙarfin jiki ke bi, da wurare 361 a kansu, kuma hanyar da ta ratsa baya ta gangara ta bayan gwiwa. Likitocin zamani kuwa suna cewa allurar jijiyoyi take tsokana, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi, naman da ya ɗaure ya saki. Ya maƙala wa huɗu waya daga wata 'yar na'ura mai batir, suna ɗan motsi kamar bugun zuciya, ya bar ni minti 25.

A zama na biyu na tambaye shi kai tsaye ko zan warke. Amsarsa ita ce dalilin da ya sa nake rubuta wannan. Ya ce: "Ba ni yi maka alkawali, Baba." Sai ya ba ni labarin wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka fitar da sakamakonsa a 2007, kan mutum fiye da 1,100 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda aka yi wa allurar a bisa ƙa'ida, kusan rabinsu sun sami sauƙi bayan wata shida. Waɗanda aka ɗan soka wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, su ma kusan haka. Masu magani da gashi irin na kullum kuwa kashi 27 cikin ɗari ne. Ya ce ma'anar wannan ita ce allurar tana taimakon wasu, amma har yanzu ana gardama kan ko wurin da aka kafa ta ne ke aikin. Mai neman kuɗina kawai ba zai faɗa mini haka ba. A gabana kuma wani dattijo ya zo yana son a yi masa don ya daina shan maganin suga, Likita ya ce masa allura ba ta sauke suga, ba ta maye gurbin maganin hawan jini, ya koma kan ƙwayoyinsa.

Zama uku na farko ban ga komai ba sai barci mai nauyi da wani ɗan kore-kore da ya fito a wuri ɗaya, ya ɓace cikin mako. Bayan na biyar na lura na ɗaura wando a tsaye ban jingina ba. Ranar Juma'ar da ta biyo zama na bakwai na bar kujerar a gida, na yi ruku'u da sujada tare da jama'a. Sai dai in faɗi gaskiya, ba allura kaɗai aka yi mini ba. Ya koya mini motsa jiki iri uku da nake yi bayan Asuba, ya sa na ɗaga kujerar kekena, ya ce kowane minti 40 in tashi in taka zuwa bakin layi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Naira 8,000 kowane zama, sau biyu a mako, har mako biyar, ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai sana'ar hannu, kuma babu ragi ko ka biya gaba ɗaya. Ba a kiyaye lokaci: an ce mini ƙarfe huɗu, sau biyu sai bayan Magariba na fito. Idan aka ɗauke wuta ɗakin ya zama tanda, wanda zai je a watan Afrilu ya nemi zaman safe. Babban gibin shi ne babu mace mai yin aikin. Mai ɗakina tana fama da gwiwa, amma ba za ta buɗe jikinta ga namiji ba, kuma mata da yawa a Sakkwato haka suke. Na faɗa masa wannan baki da baki.

Da ɗinkin ƙaramar Sallah ya zo, na yi kwana 20 ina kaiwa ƙarfe biyun dare a kan keke, ciwon ya dawo, ko da yake bai kai rabin na da ba. Na koma zama biyu ya lafa. Yanzu wata huɗu ke nan ban sha Diclofenac ba, ina zuwa sau ɗaya a wata, kujerar robar kuma tana shago yaran da ke koyon aiki suna zama a kai.