Wace manhaja za ka zaɓa don kwaikwayon Wi-Fi a tashar sararin samaniya?

Ɗakin bincike na Destiny da ke Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tamkar ganga ce ta alminiyam, tsawonta mita 8.5, faɗinta mita 4.3, cike da akwatunan kayan aiki. Siginar Wi-Fi ba ta iya ratsa irin wannan bango, sai dai ta yi ta karo da ƙarfe tana dawowa. Nan ta yi ƙarfi, kamu ɗaya gaba ta raunana. Duk manhajar da ba ta san da wannan ba, lissafin banza za ta ba ka.

Mutane da yawa da ns-3 suke farawa, wato manhajar da ke kwaikwayon zirga-zirgar bayanai tsakanin kwamfutoci, tunda kyauta ce. Ta ƙware wajen nuna yadda kwamfutoci ke rububin hanya ɗaya, da jinkirin da ke biyo baya idan wani na hirar bidiyo da iyalinsa, wani kuma na tura bayanan gwaji. Manhajar OMNeT++ tare da ƙarinta mai suna INET ma haka, ta kuma fi sauƙin kallo, amma kamfani sai ya sayi lasisin OMNEST. Rauninsu ɗaya ne: sauƙaƙan ƙa'idojinsu na yaɗuwar sigina, irin lissafin Friis na yadda sigina ke raunana da nisa, sun fi dacewa da fili ko ofis.

A ganina, in kuɗi zai fita, a nan ya kamata ya fita: manhajar da ke bin sawun sigina tana lissafa kowane karo da bango. Wireless InSite ta Remcom da WinProp suna wannan aiki, ga kuma Sionna ta NVIDIA ga mai ƙaramin ƙarfi da ya iya Python, harshen rubuta manhaja. Dukkansu sai ka ba su cikakken zanen cikin ɗakin, kuma suna cin lokaci. Kada ka manta da mutanen ciki. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, yana shanye sigina, kuma ɗan sama jannati yana iya shawagi ya tsaya daidai bakin ƙofar da ta haɗa ɗaki da ɗaki. Gwada zangunan Wi-Fi na 2.4 da na 5 GHz daban-daban, ƙofa a buɗe da kuma a rufe.

Ekahau kuwa, manhajar tsara Wi-Fi, don gine-gine irin su ofisoshi aka yi ta. A bar ta can.

Sakamakon bin sawun siginar ne za ka zuba cikin ns-3. Kafin ka biya, nemi lasisin gwaji, ka auna sigina da kanka a cikin kwantenar ƙarfe, ka ga ko alƙaluman manhajar sun yi kusa da naka.