Faifan mayar da haske mai fuska biyar

Ga mai shirin ɗaukar hoto a gida, faifan nan mai faɗin santimita 110 ya biya kuɗinsa. A zaunar da mutum gefen taga, a kashe ƙwan ɗaki don kada launin haske ya cakuɗe, a riƙe farar fuskar faifan a ɗaya ɓangaren, kamar mita ɗaya daga kunci. Nan take inuwar ƙasan ido ke laushi. Fuskar faifan ta azurfa tana kashe ido, tana kuma tona maiƙon goshi, sai an goge tukuna. Ta zinariya kan rina fata rawaya, a bar ta. Aibinsa: zif ɗin rigar da ake sauya masa fuska da ita yana cije yadi, ƙarfen bakinsa kuma kan fizge wajen buɗewa, a nisanta shi da fuska.