Sharhi kan ejan ɗin da ya haɗa mana tafiyar Kigali

Ba zan kama suna ba. Waɗanda muke harka tare sun san wanda nake nufi, sun kuma san farashinsa. Kuɗi na biya a dunƙule, nawa da na Hajiya: tikiti, otal na kwana 5, motar da za ta ɗauke mu a filin jirgi, sai wani abu da ya rubuta a rasit wai kuɗin biza.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka bar gida. Daga Kano zuwa Legas ba wata tafiya ba ce, amma jirgin Nairobi sai dare, haka muka wuni muna gadin akwatuna. A nan ne ma na biya aka naɗe mana su da leda, duk guda ukun, don gudun masu dogon hannu. Muka yi kusan awa 5 a sama, muka sauka Nairobi gari bai gama wayewa ba, muka sake zama, sannan wani jirgin ya kai mu Kigali wajen ƙarfe 8 na safe agogonsu, wato 7 a Kano. Sama da awa 24 ke nan rabonmu da gado. Ƙafafun Hajiya sun kumbura har takalminta ya ƙi shiga.

Kafin mu fita wata ma'aikaciya ta tsayar da mu, ta yi mana sannu da zuwa, ta sa aka yanke ledar nan tas. Tun 2008 Ruwanda ta hana leda. Mutumin da sana'arsa ke nan bai faɗa mana ba. Na ce to, wannan ƙarami ne.

Muka fito waje, babu mai ɗauke da takarda da sunana. Na kira ejan ta WhatsApp, sai a kira na huɗu ya ɗaga. "Alhaji ka yi haƙuri, direban yana hanya, yanzun nan za ka gan shi." Bayan rabin awa na sake kira, ya ce yana hanya. Ƙarfe 10 ta yi, yana hanya. Ni kuwa ina kallon titin da ke gangarawa daga filin jirgin, kusan wayam, mota sai jefi-jefi. Gabana ya fara faɗuwa, don a wajenmu idan ka ga babban titi haka da safe, to an sa dokar hana fita. Hajiya tana zaune a kan akwati, ta yi shiru, irin shirun da ya fi faɗa ciwo.

Wani mai gadi ne ya ga na kasa tsaye na kasa zaune ya yi min bayani. Ashe Asabar ɗin ƙarshen wata muka faɗo, ranar da suke kira Umuganda. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 ana rufe shaguna, zirga-zirga ta tsaya, kowa daga ɗan shekara 18 zuwa 65 ya fita aikin gayya a unguwarsu: share magudana, gyaran hanya, dasa itatuwa, wani lokaci gina wa marar ƙarfi ɗaki. Abin da ya ƙona min rai shi ne, wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Kano. Mu ma muna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ranar Asabar ɗin ma ɗaya ce. Da ejan ya ce min, Alhaji ku zauna ku sha shayi, sai 11 mota za ta iya fitowa, wallahi da na zauna hankali kwance. Amma ya zaɓi ya yi ta shirga min ƙarya har awa 3 da iyalina a ƙasar da ban san kowa ba.

Sha ɗaya da rabi direban ya iso, jar ƙasa a takalminsa. Sallama ya fara yi mana, ya karɓi jakar hannun Hajiya, ya ce sai da safen nan aka turo masa sunanmu, yana tsakiyar yasar kwata. Bai ma san daga wace ƙasa muke ba.

To daga nan ne fa zuciyata ta fara sanyi. Garin duk a kan tuddai yake, ka hau ka gangara, ko'ina kore shar, ga iska mai sanyi kamar safiyar Jos, don tsayinsa ya kai mita 1,500 daga doron teku. Na yi ta leƙen magudanai ina neman leda ko guda, ban gani ba. 'Yan acaɓa kowa da rigarsa mai lamba da hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma suna tsayawa mutum ya tsallaka titi. Hajiya da ba ta ce uffan ba tun Nairobi, sai ga ta tana nuna min abubuwa ta taga.

Gaskiya kuma a nan dole in yaba wa ejan, ya iya zaɓen masauki. A Nyamirambo ya sa mu, unguwar da Musulmi suka fi yawa. Masallaci da ƙafa nake zuwa, nama ba sai na yi ta tambayar wa ya yanka ba. Da daddare muka taka zuwa Biryogo, inda aka hana motoci bin wasu layuka, aka yi wa titin fenti, aka jera tebura. Muka ci tsiren akuya da capati, muka sha shayi mai madara da citta. A daren na ce wa Hajiya na yafe masa. Kwana biyu bayan nan direban nan ya kai mu Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000 daga cikin waɗanda aka kashe a kisan ƙare-dangi na 1994. Mun fito ba mai iya yi wa wani magana, duk wani ƙorafi na tafiya ya fita daga kaina.

Sai da muka dawo ina haɗa rasit sannan na tuna. A teburin shige da fice na Kigali fasfo kawai aka duba, aka tambaye ni otal ɗin da zan sauka, aka buga min hatimin kwana 30. Ko sisi ba a karɓa ba, domin 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka ba sa biya. To kuɗin bizar mutum biyu da na ba shi, ina suka shiga? Na je ofishinsa da kaina. Ya ce, "Ai Alhaji kuɗin aiki ne, yaron da ya rubuta ne ya yi kuskure." Na ce masa, Malam, kuɗin aikinka ga shi nan a layi na sama, na biya.

Tauraro 2 na ba shi cikin 5, ɗaya na otal, ɗaya na direba, shi ma direban ejan bai san shi ba. Ya ce zai mayar min da kuɗin ƙarshen wata. Yau sati 6.