Ofishin tikitin da ya sa na zazzage akwatina a filin jirgin Jidda

Shekara 7 rabona da Kano. Tun ranar da maigidana ya cire min huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ta manhajar gwamnati ta Absher, ta wata uku, riyal 300 suka tafi, barci ya ƙaurace wa idona. Ni da jirgi ba mu taɓa shiri ba. Sai in kwanta, in zabura in buɗe jaka in duba fasfo da igama, wato katin izinin zama, in mayar, can anjima in sake tashi. 'Yata har dariya take min, wai "Umma, fasfo dai ba shi da ƙafa."

A can Makka inda muke zaune na yanki tikitin, a wani ɗan ofishi wajen Shari'i Mansur. Mazauna can sun san irinsu: kwamfuta biyu, kujerun roba, buhunan kargo jibge a bakin ƙofa. Yaron da ke zaune a ciki Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci, kuma gaskiya yana da ladabi. Ya zauna ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage suka koma kewaye sararin samaniyar ƙasar, tafiya ta ƙara tsawo, in ina son sauƙin kuɗi in ɗauki mai yada zango a hanya. Ya ja min kunne cewa ƙarfe 2:15 na dare da aka rubuta ranar Juma'a, ranar Alhamis bayan isha'i zan bar gida, don mutane da yawa a nan suke rasa jirgi. Ya ce kar direba ya kai ni sabuwar tashar nan mai katon tankin kifaye, inda jirgin ƙasa na Haramain ke tsayawa, namu daga Shamaliyya, wato tashar arewa, yake tashi, kuma tsakaninsu akwai tafiya. Har zancen Zamzam ya yi, kar in kuskura in cusa gora a cikin akwati, za a fito da ita. Na fito daga ofishin nan ina sa masa albarka, na kuma tura masa mata biyu daga unguwarmu.

To amma akwai tambaya ɗaya da na yi masa har sau uku, 'yata shaida ce. Akwati nawa zan ɗauka? Ya ce, "Biyu, Hajiya, kowanne kilo 23." Sau uku amsa ɗaya.

A kan wannan maganar na yi sayayyata. Wanda ya shekara 7 bai je gida ba ya san ba a shiga hannu rabbana. Dabinon Ajwa na Inna, Sukkari na maƙwabta, bagaruwa ta yara, abayoyin ƙannena, jallabiyar Kawu, darduma huɗu, carbi, kwalli, turare. Har ma'auni na saya, kullum da dare sai mun rataya akwati mun gwada, a cire wannan a mayar da wancan, har kowanne ya tsaya daidai.

Muna isa kan layin awon kaya, ma'aikacin ya karɓi fasfo ya danna kwamfuta, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Shanɗa wahida," wato akwati ɗaya. Na ce biyu ne. Ya juyo min da takardata ya sa yatsa a kan wani ɗan ƙaramin rubutu can ƙasa: 1PC, ma'ana akwati ɗaya. Kwana goma takardar nan na cikin jakata, na buɗe ta ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin abin da ke nan ke nan ba. Kuɗin da ya faɗa na akwati na biyu kuwa, da na ji sai da na dafa teburin.

Sai ga ni a ƙasa, babbar mace, na baje akwati biyu a gaban jama'a ina zaɓen wa zan ba kunya. Maigida na tsaye a kaina yana ta "ki yi sauri", kamar saurin zai rage nauyin dabino. Ledar bagaruwa ta fashe, tana ta gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na hango wata baiwar Allah 'yar Katsina da jakarta ba ta cika ba, na roƙe ta ta riƙe min abaya uku. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba na ɗaukar kayan kowa." Raina ya sosu a lokacin, amma ban ga laifinta ba. Duk mun ji labarin waɗanda kayan wani ya jefa su cikin bala'i a Saudiyya, ni ma da ita ce ta roƙe ni, abin da zan faɗa ke nan.

'Yata ta kira yaron, sha biyu ta wuce. Ya ɗauka, wannan kam zan faɗa. Bai yi musu ba. Ya ce tikitin farko da ya duba min shi ne mai akwati biyu, da muka canza rana sai ya faɗa kan mai araha bai lura ba. "Laifina ne, Hajiya, a mayar min da akwatin, ni zan tura miki ta kargo, ba ki biyan ko halala." Jin haka zuciyata ta ɗan yi sanyi. A cikin jirgi ma ban ji tsoron tashin ba, gajiya ta riga ta cinye tsoron, muna ɗagawa barci ya kwashe ni. Har na ce a raina idan na sauka zan yabe su.

Sai dai yabon ya tsaya a maƙoshi. Ya ce mako biyu. Yau mako biyar ke nan ina Kano. 'Yan sannu da zuwa sun zo sun tafi, na raba dabinon Inna uku-uku a leda saboda na maƙwabta yana can cikin akwatin da aka bari. Kawu bai ce komai ba, amma matarsa ta tambaye ni sau biyu ko har yanzu ana sayar da jallabiya a Makka. Duk lokacin da na kira yaron yana ɗauka, da ladabinsa, "Bukra insha Allahu, Hajiya," wato gobe. Matan nan biyu da na tura masa na kira su na ce kafin su biya su sa ya nuna musu wurin da aka rubuta adadin akwati da yatsansa. Ɗaya ta duba, nata ma 1PC ne.

Huruj wa audata saura mako bakwai ta ƙare, kuma tikitin komawata a hannunsa yake.