Wutar nukiliya: kaya mai kyau ne, masu kawo shi ne ba sa cika alƙawari

Jama'a da an ambaci nukiliya sai hankalin kowa ya tafi kan bam, ni kuwa so nake mu duba ta yanda mutum yake juya kaya a hannu kafin ya zaro kuɗinsa. In dai ingancin wutar ake magana, gaskiya ban ga na biyunta ba.

Aikin ba wani tsafi ba ne. Ƙwayoyin zarra na wani ma'adini mai suna yuraniyom ake fasawa a cikin wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe, zafi ya fito ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, wuta ta samu. Shi kansa man, wato yuraniyom ɗin, 'yan dunƙule ne ƙanana, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, a jera su cikin dogayen bututu, amma guda ɗaya tal ƙarfinsa ya kai kusan tan ɗaya na kwal. In aka loda wa tasha sai ta yi wata 18 zuwa 24 tana aiki dare da rana kafin a tsayar da ita a sake mata mai, ba ruwanta da rana ta faɗi ko iska ta ɗauke, a Amurka ma sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu tashoshin ke bayarwa a shekara. Farin abin nan da kuke gani yana tashi daga hasumiyoyi a hotunan tashoshin nukiliya ba hayaƙi ba ne fa, tururin ruwa ne. Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake fitowa.

Inda abin yake ƙona min rai shi ne wajen ginawa. Finland ta fara gina tashar Olkiluoto 3 a 2005 da alƙawarin za a gama a 2009, wallahi sai 2023 ta fara ba da wuta yanda ya kamata. Tashar Flamanville 3 a Faransa an fara 2007, sai ƙarshen 2024 aka jona ta da layi. Na Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka kuwa, tukwane biyun da aka ƙara wa tashar sun ci sama da dala biliyan 30, fiye da ninki biyu na lissafin farko. To duk shekarun nan da ake jira ruwan bashi yana ta hauhawa ko kwan fitila ɗaya ba a kunna ba, kuma a ƙarshe mai biyan kuɗin wuta da mai biyan haraji ne za su ɗauka, su da ba su sa hannu a kwangilar ba. Ba wai ba ya yiwuwa ba ne, 'yan Koriya ta Kudu sun gina wa Daular Larabawa tukwane huɗu a tashar Barakah, ta farko ta kama aiki a 2020, yanzu kusan kwata na wutar ƙasar daga can yake. Sirrin kawai iri ɗaya suka yi ta maimaitawa.

Maganar haɗari ba zan raina ta ba. Da tashar Chernobyl ta Yukiren ta fashe a 1986 sai da aka kwashe garin Pripyat da ke kusa kakaf, har yau kufai ne. A tashar Fukushima ta Japan a 2011 igiyar ruwa ce ta cinye janaretocin ko-ta-kwana, sanyaya tukunya ta gagara, mutum sama da 100,000 suka bar gidajensu. Amma hayaƙin kwal yana kashe ninkin ba ninkin a hankali ta huhu, shi ne ba a sa shi a kanun labarai.

Sai sharar, wadda ba ta da yawa amma za ta yi dubban shekaru tana da guba. Finland ce ta yi abin a yaba, ta haƙa Onkalo, ramin binne sharar, cikin dutse zurfin sama da mita 400, galibin sauran kuwa suna ajiye da tasu a cikin ruwa da manyan gangunan kankare a harabar tasha.

Ni dai tauraro huɗu cikin biyar na ba wutar, masu ginawa biyu. Duk ƙasar da za ta saya, ta fara tambaya a rubuce: in aka yi latti shekara goma, wa zai biya?