Na cika tambayoyi shida na ASRS, ga yadda na same su

ASRS takardar tambayoyi ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tare da masu bincike na jami'ar Harvard da ta New York, aka wallafa ta a 2005, domin babban mutum ya duba ko yana da alamun lalurar rashin tattara hankali, wadda likitocinmu ke kira TDAH, masu Turanci kuma ADHD. Tambayoyi 18 ne gaba ɗaya, amma shidan farko su ne na tantancewa, su kuma na cika. Ni tela ne a nan Damagaram, shagona ba nisa da kasuwar Dole. Ƙanwata mai aikin jinya ce ta turo mini ta WhatsApp, ta ce, "Yaya, don Allah ka amsa tsakaninka da Allah, kada ka yi wa kanka kara."

Kyauta ce, kuma ba ta kai minti biyar. Kowace tambaya a kan wata shida da suka wuce take, amsa kuma iri biyar, daga "ban taɓa ba" har zuwa "sau da yawa ƙwarai". An duhunta wasu gidajen amsa. Wanda amsarsa ta faɗa gida mai duhu sau huɗu ko fiye, an ce ya nemi likita. Ni biyar na samu.

Tambayar farko ce ta fi taɓa ni: shin kana shan wahalar ƙarasa ƴan guntattakin aiki bayan ka gama mai wuyar? Duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san amsar. Zan yanka babbar riga, in haɗa ta, in yi mata aikin wuyan da zai sa mutum ya tsaya kallo, sannan ta kwana da kwanaki a rataye saboda kalmasa da maɓalli da guga. Mai kaya ya zo, ya koma, ya dawo da fushi, kuma gaskiyarsa ce. Tun ina yaro ake ce mini mai gantali, wata gwaggona har rubutu ta sa aka yi mini. Da na ga an rubuta wannan hali a matsayin alamar da likitoci suka sani, wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Wannan kaɗai ya isa in yaba wa takardar. Ta biyu zuwa ta huɗu ma sun faɗa daidai: tsara aiki, manta alkawari, da jan ƙafa wajen fara abin da ke buƙatar tunani.

Sai dai akwai inda ta gaza. Tambaya ta biyar a kan motsa hannu ko ƙafa ce idan mutum ya daɗe a zaune. To, ni da ƙafata ke kan keken ɗinki daga safe har magariba, ta yaya zan gane? Mai kabu-kabu ko mai tallan goro ma haka zai rasa amsa. Da ganin tambayar ka san mai zaman ofis aka yi tunani. Sannan wadda na samu da Faransanci take, wanda bai yi boko ba sai an fassara masa, mai fassarar kuwa yana iya karkatar da amsa ba da niyya ba.

Babbar damuwata ita ce lokacin cikawa. A ba kowane tela na Zango ko Birni wannan takarda mako guda kafin ƙaramar salla, ga azumi, ga kwanan ɗinki, ga zafin da ke hana barci idan wuta ta ɗauke, na tabbata da yawa za su haura huɗu alhali lafiyarsu ƙalau, barci kawai ke bin su bashi. Takardar ba ta tambayar barci, ba ta tambayar damuwa, ba ta kuma tambayar ƙuruciya. Amma ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa ta 2013 ta ce sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, har suna cutar da rayuwar mutum.

Likitan da na kai wa takardar ya duba ta sau ɗaya ya ajiye gefe. Ya tambaye ni barcina, yawan shayin da nake sha da dare, ko ina shan tramadol kamar yadda wasu samari ke yi don ƙarfin aiki, ko akwai abin da ke cin raina. Ya ce ciwon damuwa da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo irin waɗannan alamu. Bai yanke hukunci ranar ba, kuma hakan ya ƙara mini yarda da shi.

Ina ba da shawarar ASRS ga babban da ya daɗe yana fama da wannan hali, ba wanda ya fara shi bana ba. A cika ta lokacin da aiki ya lafa, kada kuma kowa ya je neman magani a kasuwa saboda ya samu huɗu. Ni dai likita ya ce in koma tare da wanda ya san yarintata, Inna kuma ta yarda za ta raka ni.