Gargaɗi ga 'yan babur na Kumasi: ku yi hattara da mai tallar kyamarar hular kwano

Jama'ar Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Tafo da duk inda ɗan zango ke hawa babur a Kumasi, don Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin wani ya sake tura guminsa. Akwai wani mutum da ke tallar kyamarar GoPro a intanet, irin wadda ake maƙalawa a hular kwano a ɗauki bidiyon tafiya, wai haɗe da makirufo da katin memori. Yana cewa shagonsa na Circle a Akra. Ɗan damfara ne. Ni ya cinye mini sidi 2,200, kuma daga baya na gano ba ni kaɗai ya cuta ba.

Aikin kai saƙo nake yi da babur, kuma na daɗe da burin in riƙa ɗaukar hanyoyin da nake bi, ina magana da Hausa ina nuna wa mutanenmu gari. Na zagaya shagunan Adum, GoPro samfurin Hero 11 ko wadda aka yi amfani da ita ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Shi ya sa da na ga tallar nan a rabin kuɗin da aka faɗa mini, zuciyata ta kwanta a kanta.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne bakinsa. Da turanci na fara yi masa magana a WhatsApp, yana ganin sunana sai ya juya Hausa. Ya ce shi ɗan Nima ne, kakarsa ma a Alabar ta zauna. "Ɗan'uwa, ni ba zan ci haƙƙin ɗan zango ba, gobe akwai hisabi." Haka ya ce da ni, muryar tana nan a wayata har yanzu. Na nemi mu yi kiran bidiyo, bai yi gardama ba. Ya ɗago kyamara ya kunna, allon gaba ya kawo, ya juya ta gaba da baya a kan wata darduma shuɗiya mai ƙunar dutsen guga a gefe. Wannan kyamarar ta gaske ce, ba na shakka. Ita yake nuna wa kowa, amma ba ita yake aikowa ba.

Da na zo tura kuɗi ta MoMo, sunan mace ya fito. Na tsaya na tambaye shi, ya ce layin maiɗakinsa ne, nasa ya cika. Na tura rabi. Washegari ya turo hoton kwali da sunana a jiki a tashar mota, na cika sauran. Kuma kwalin ya iso, a nan dabararsa take. Wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace, nan take za a yi masa kururuwa. Wanda ya aiko maka kaya kuwa, sai ka yi kwanaki kana zargin kanka cewa kai ne ba ka iya saitawa ba.

Ran Lahadi na manna mariƙin a haɓar hular kwano, na soka wayar makirufo a wani ɗan rami da ke gefen kyamarar, na kama hanyar tafkin Bosomtwe ta Kuntanase. Duk wanda ya taɓa gangarawa Abono ya san wurin nan da hanya ke lanƙwasa, ruwa ya bayyana a ƙasa tsakanin duwatsu. Saboda wurin nan na ƙona mai na je. Ina gangara ina bayani, raina fes. A hanyar dawowa gam ɗin mariƙin ya saki, kyamarar ta zame ta rataya a wayar makirufo tana bugun ƙirjina, ni kuma ga tifa a bayana. Allah ne ya tsare da na saki hannu ɗaya na cafke ta ban faɗi ba.

Da dare na sa katin a kwamfuta. Bidiyon farko yana rawa kamar an ɗaura kyamarar a injin niƙa, lambar motar da ke gabana ma ba ta karantuwa. Murya babu, sai hugun iska. Daga na huɗu zuwa ƙarshe kuwa, har da gangaren Abono, sunayensu na nan amma ko ɗaya bai buɗe ba.

Na kwashi kayan na kai wa wani yayanmu a Asawase da ke ɗaukar bidiyon biki da suna. Ko kunna ta bai yi ba. Ya auna ta a tafin hannu, ya juya gefenta, ya sa farce a ramin nan ya ce, "Ƙanena, wa ya ce maka Hero 11 tana da ramin makirufo?" Na ce, "Yaya, mai kayan ne ya ce ana sokawa kai tsaye, ba sai an sayi komai ba." Ya girgiza kai, ya buɗe jakarsa ya ɗauko tasa ya ajiye kusa da tawa.

Ga abin da ya nuna mini, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, don da na san shi tun farko da tallar kanta ta tona masa asiri. Hero 11, wadda ta fito a 2022, ƙofa ɗaya gare ta a gefe. In ka buɗe, batir ne da katin memori da ramin caji na USB-C, shi ke nan. Haka Hero 9 da Hero 10 suke. Mai son ya sa makirufo mai waya dole ya sayi wani gida da ake sa ta a ciki, ana kiransa Media Mod, ko kuma adaftar kamfanin da ake sokawa a ramin cajin, kuma kowannensu kuɗinsa daban. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga Hero 11 da makirufo ana sokawa a jikinta, ko bai san kayan ba ko yana shirin cutarka.

Ya ci gaba. Ta gaske tana da ƙafafu biyu a gindinta da ake naɗewa a buɗe, ba sai an sa ta cikin kwanson roba kafin a ɗaura ba. Murfin gilashinta ana murɗawa ya fita. Lambarta na rubuce a cikin gidan batir, kuma dole ta zo daidai da wadda ke cikin saitin kyamarar. Sannan ya buɗe Quik, manhajar kamfanin GoPro, a wayarsa: tasa ta haɗu nan da nan, tawa ko alamarta manhajar ba ta gani ba. Wannan gwajin minti biyu ne, kuma ana iya sa mai sayarwa ya yi shi a gabanka. Rubutun 4K da ke jikin kwalin, wato alamar bidiyo mai fita tar, shi ma ƙarya ne, ƙaramin hoto ne ake buɗa shi ya yi faɗi, shi ya sa komai ya dusashe. Rawar kuma saboda babu abin da ke daidaita hoto, wanda su GoPro ke kira HyperSmooth, kuma a kan babur in babu shi ba ka da bidiyo.

Katin memorin ya fi ba ni takaici. An rubuta 128GB, kwamfuta ma haka take nunawa, amma da yaya ya gwada shi da wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika kati da bayanai ta sake karantawa, abin da ke ciki bai kai 8GB ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Da ya cika, kyamara na ta zubawa, shi kuma yana zubarwa. Ya ce katin da zai ɗauki 4K sai mai alamar V30 ko U3, kuma a gwada shi tun ranar da aka saya.

Kan murya ma ya koya mini abin da ba zan manta ba. Ba a barin makirufo a waje. Cusa shi ake yi a ƙarƙashin soson kumatu na hular kwano, kusa da baki amma ba saitin numfashi ba, a sa masa 'yar hular nan mai gashi-gashi da ke kashe iska. A duba bakin wayar kuma: mai zobe biyu shi ne na kyamara, mai zobe uku na wayar hannu ne, sai da adafta. Mariƙi kuwa, in gam ɗin na kirki ne, a goge wurin tas, a manna a bar shi awa 24 kafin a hau hanya, a kuma ɗaure kyamarar da 'yar igiya.

Yanzu ga wurin da nake so ku fi buɗe ido. Da na kira mutumin, bai kashe waya ba. Salati ya yi, ya ce yaron shago ne ya musanya kwali, in yi haƙuri zai dawo mini da kuɗina a ranar. Bayan la'asar wani ya kira, da turanci mai tsabta, wai daga ofishin layin waya yake, ana so a mayar mini da sidi 2,200, in duba saƙon da zai fito in sa lambar sirrina. Saƙon ya fito. Na riga na danna lamba biyu, sai yaya da ke zaune kusa da ni ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya! Yaushe aka taɓa tambayarka lambar sirri don kuɗi su shigo?" Muka karanta saƙon a tsanake, ashe na cire kuɗi ne. Kuɗin kwastomomi uku ne a layin ranar, ba nawa ba. Daga nan duka lambobin biyu suka daina shiga.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, na kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Duk wanda abin ya shafa ya yi haka, kada kunya ta hana shi, ya kuma sanar da kamfanin layinsa da wuri. Da na ba da labarin a majalisarmu ta ataya, wani yaro ɗan Tafo ya sunkuyar da kai, can ya ce shi ma an aiko masa irinta, wata biyu yana ɓoyewa don kada mahaifinsa ya ji. Wani kuma kafin alƙalami ya bayar, ko kwalin bai gani ba.

Shekaranjiya na sake cin karo da tallar. Sunan shagon ya canza, lambar waya ta canza, yanzu wai a Madina yake. Amma dardumar nan ce shuɗiya, da ƙunar dutsen guga a gefenta. In kun gan ta ku tura wa 'yan'uwa wannan rubutu. Jabun kyamarar tana nan wurina ban yar ba, da katin da makirufon, duk ɗan babur da ya san ni a Aboabo ya zo ya riƙe ta a hannunsa ya ga ramin da idonsa.